Abin da iyali suka sayar a shekarar matsi ba ya dawowa

Masana tattalin arziki suna da hanyarsu ta gane ranar da koma baya ya fara da ranar da ya ƙare. Galibi jimillar abin da ƙasa ta samar ake dubawa: in ta ragu a wata uku, ta sake raguwa a wata ukun da ke biye, sai a ce an shiga koma baya, in kuma ta ɗaga ko da kaɗan ne, sai a ce an fita. A Amurka, kwamitin masanan da ke yanke wannan hukunci ya ce koma bayan da ya fara a watan Disamba na 2007 ya ƙare a watan Yuni na 2009. Amma rashin aikin yi ya ci gaba da hawa har watan Oktoba na shekarar, inda ya taɓa kashi 10 cikin 100, kuma kuɗin da matsakaicin gida ke samu bai koma matsayinsa na 2007 ba sai wajen 2016. Yaron da aka sa firamare a shekarar da abin ya fara, ya gama ta har ya yi nisa a sakandare kafin gidansu ya koma yadda yake.

Wannan tazarar da ke tsakanin ranar takarda da ranar gida, a ganina, ita ce ainihin labarin matsin tattalin arziki, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta. Masana'antar da aka rufe ana iya sake buɗe ta. Hannun jarin da ya faɗi yana iya hawa har ya wuce inda yake da. Iyalin ma'aikaci kuwa suna biyan nasu kason ne da abubuwan da ba a sake saye in kuɗi ya dawo: shekarun karatun yaro, lafiyar uba ko uwa, kayan sana'ar da aka yi shekaru ana tarawa. Gwamnatin da ke auna nasararta da jimillar abin da ƙasa ta samar kaɗai tana auna abin da bai gaya mata halin da mafi yawan mutanenta suke ciki ba.

Matsi ba kasafai yake fara shiga gida da takardar sallama ba. Kafin ita an daina biyan kuɗin aikin bayan lokaci, an rage kwanakin aiki, albashi ya soma makara, daga ƙarshen wata ya koma tsakiyar wata mai kamawa. Mai sana'ar hannu kuma ba shi da wanda zai ba shi takardar ma. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mutum biliyan 2, fiye da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna neman na kansu ne a ayyukan da ba rajista, ba kwantiragi, ba fansho. Tela da makaniki da direba da magini, nasu koma bayan shi ne masu kawo musu aiki su ɗauke ƙafa, domin su ma albashinsu ya makara. Alƙaluman rashin aikin yi ba sa ƙirga irin wannan mutum, tunda kullum yana fita da safe. Fitar dai yake yi, amma da rabin abin da ya saba yake dawowa.

Duk wanda ya taɓa riƙe gida ya san yadda ragin yake bi. Sabuwar sutura ce ke fara tafiya, sai ziyara mai cin kuɗin mota, sai gyaran da ake ta ɗagawa. Daga nan a taɓa tukunya, kuma ba yawan abincin ake fara ragewa ba, ingancinsa ake ragewa: abin gina jiki ya fita, abin cika ciki ya zauna. Bayan haka sai magani. Mai hawan jini ya fara raba ƙwayarsa biyu don ta kai ƙarshen wata, ciwon da ya kamata a kai asibiti a ce a ga gobe. A ƙarshe manya su fara cewa sun ƙoshi don yara su ci. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci daga kuɗin shigarsa. Ma'anar wannan a lokacin matsi ita ce, in kuɗin shiga ya ragu da kashi 10 cikin 100, mai hali daga ajiyarsa zai cire, marar hali kuwa daga jikinsa da na 'ya'yansa. Shi ya sa nake ƙin jin shugabanni suna cewa kowa yana ji a jikinsa, kowa ya tsuke bakin aljihu. Akwai aljihun da babu sauran abin tsukewa a cikinsa.

In ragi ya ƙare sai bashi. Da farko wajen ɗan'uwa ko abokin aiki, wanda ba ya sa kuɗin ruwa amma yana cin fuska. In wannan ƙofa ta rufe, sai masu ba da rance na gaggawa, waɗanda kuɗin ruwansu ke hawa daidai lokacin da mutum ya fi rauni, domin banki mai sauƙin ruwa ba ya ba wanda ba shi da albashi. A ci bashin nan a biya wancan, har lissafin ya ɓace. Sannan a zo kan matakin da nake ganin shi ne mafi muni duka, wato sayar da abin da ake neman abinci da shi. Tela ya sayar da keken ɗinkinsa, direba ya sayar da motar da ya kusa gama biya, mai ƙaramin kanti ya cinye jarinsa da kaɗan-kaɗan har kantoci su zama wayam. Kuma a mugun farashi ake sayarwa, tunda kowa sayarwa yake yi, masu saye kaɗan ne, kuma sun san mai kayan a matse yake. Ranar da kasuwa ta buɗe, aiki ya dawo, shi ba shi da abin yin aikin. Sai ya koma yaron wani a sana'ar da ya yi shekara ashirin yana maigida a cikinta. Ta wannan hanya matsin shekara biyu ke zama talaucin shekara goma, kuma ta nan dukiya ke tashi daga hannun masu ƙaramin ƙarfi ta koma hannun masu tsabar kuɗi a ajiye.

Yara ba su da bakin magana a wannan lissafi, amma su ne suka fi daɗewa suna biya. Lokacin da kuɗin Indonesiya ya rushe a rikicin Asiya na 1997 zuwa 1998, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi 13 cikin 100 a shekara guda. Masu binciken da suka bi gidaje iri ɗaya kafin rikicin da bayansa sun gano cewa gidajen matalauta sun rage abin da suke kashewa a karatu, kuma a gidaje da yawa an kare karatun manyan yara ta hanyar sadaukar da na ƙanana. Ka yi tunanin uwa da uba zaune da dare suna zaɓar wanda zai ci gaba da makaranta cikin 'ya'yan da suke so baki ɗaya. Ba mugunta ba ce, lissafi ne na wanda aka kai bango: babban ya kusa gamawa, ƙila ya samu aiki ya ɗauki ƙannensa. Sai dai yaron da ya bar aji shekara biyu sau da yawa ba ya komawa. Wani bincike da ya duba haihuwa a ƙasashe masu tasowa 59, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa mutuwar jarirai tana ƙaruwa idan kuɗin shigar ƙasa ya faɗi, kuma jarirai mata abin ya fi shafa. A Kanada kuma, ƙasa mai arziki da tsarin tallafi, an bi 'ya'yan mazan da suka rasa aiki saboda rufe kamfani har suka girma, aka ga abin da suke samu ya gaza na takwarorinsu da kusan kashi 9 cikin 100. Rufe ƙofar masana'anta guda ya bi yaro har cikin albashinsa bayan shekara ashirin.

Akwai ɓarnar da ba ta aljihu ba, kuma tun da daɗewa aka san da ita. A ƙasar Ostiriya, kusa da birnin Biyana, akwai wani ƙauye mai suna Marienthal wanda kusan kowa a cikinsa masaƙa ɗaya yake wa aiki. Masaƙar ta rufe a farkon babban karayar tattalin arzikin da ya biyo bayan 1929. Masu bincike Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel da abokan aikinsu suka shiga ƙauyen suka zauna da mutanen, suka wallafa abin da suka gani a 1933. An yi zaton mutanen da suka samu lokaci mai yawa za su cika shi da karatu da taro da siyasa. Akasin haka aka gani. Aron littattafai a laburaren ƙauyen ya ragu duk da an cire kuɗin aro. Ƙungiyoyi suka yi sanyi. Masu binciken har saurin tafiyar mutane a titi suka auna, suka ga mazan da ba aiki suna jan ƙafa, suna tsayawa ba dalili, kuma in an tambaye su yadda suka yi wuninsu ba sa iya faɗa. Matan kuwa ba su rasa tsarin wuninsu ba, domin girki da wanki da faci da raino ba su tsaya ba, ƙaruwa ma suka yi. Abin da Jahoda ta ɗauka daga nan, ta yi ta nanatawa a rubuce-rubucenta na baya, shi ne aiki yana ba mutum abubuwa bayan albashi: lokacin tashi da na kwanciya, cuɗanya da mutanen da ba na gidansa ba, matsayi a idon jama'a, da jin cewa akwai inda ake buƙatarsa.

Wannan ne ɓangaren da nake so mu daɗe a kai, domin shi ne wanda maƙwabci yake iya gani in ya lura. Mutumin da ya saba rufa wa kansa da iyalinsa asiri, ranar da ya kasa, kunya ce ke fara kama shi kafin yunwa. Yana ƙin ɗaga waya don kada mai bin bashi ne. Yana canza hanya don kada ya haɗu da mai gidan haya. Yana daina zuwa taron 'yan'uwa saboda ba shi da abin da zai kai, su kuma sai su ce ya yanke zumunci. Wasu suna ci gaba da yin shiri da safe su fita kamar masu zuwa aiki, makonni kafin su iya faɗa wa iyalinsu gaskiya. To, mutum ya janye daga jama'a a daidai lokacin da ya fi buƙatarsu, alhali yawancin ayyuka ta bakin wanda ya san ka ake jin labarinsu. A cikin gida kuma magana tana gajarta. Tambaya ƙarama, irin ta yaushe za a biya kuɗin makaranta, sai ta zama kamar zargi. Mace ta ƙara neman abin yi a kan aikin gidan da ke kanta, ta zama ita ce mai lallashin masu bin bashi, mai ɓoye wa yara halin da ake ciki, mai haƙuri da fushin da ba ita ta jawo shi ba. Wani gidan ya jure, wani ya watse. Yara kuma suna ji, ko ba a faɗa musu ba. Yaron da ya daina tambayar abin da yake so, ya riga ya gane komai.

Ana yawan zargin wanda ke cikin matsi da rashin tsari: me ya sa ya ci wannan bashi, me ya sa ya manta da wancan wa'adi. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2013 ya ba da amsar da ta gamsar da ni. Masu binciken sun yi wa manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya gwajin kaifin tunani sau biyu, kafin girbi lokacin da hannunsu ba komai, da bayan girbi lokacin da aka biya su. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari bayan girbi. Damuwar yadda za a kai gobe tana cinye wani kaso na hankalin mutum, ta bar masa kaɗan na sauran al'amura. Saboda haka kuskuren da muke gani a wajensa sau da yawa matsin ne ya haife shi, ba shi ya haifi matsin ba.

Jiki ma yana biya. Masu bincike Daniel Sullivan da Till von Wachter sun bi bayanan ma'aikata maza a jihar Pennsylvania ta Amurka waɗanda suka daɗe a wurin aikinsu kafin a sallame su rukuni-rukuni a shekarun 1980. A shekarar da ta biyo bayan sallamar, haɗarin mutuwarsu ya ƙaru da kashi 50 zuwa 100 cikin 100, kuma ko bayan shekara ashirin bai koma daidai ba. Sun ƙiyasta cewa wanda aka sallama a tsakiyar rayuwarsa ya yi asarar shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi na tsawon rai. Wani bincike na 2014 ya danganta ƙarin kisan kai fiye da 10,000 a Turai da Arewacin Amurka da rikicin tattalin arziki na 2008. Matasan da suka gama karatu a shekarar matsi su ma suna da nasu tabon: bincike a Kanada da Amurka ya nuna suna farawa da albashi ƙasa da na waɗanda suka riga su, kuma giɓin yana ɗaukar shekara goma ko fiye kafin ya toshe. Laifinsu kawai shekarar da aka haife su.

To wa ya jawo, kuma wa ya biya? Mun saba cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a rikicin 2008 ba haka ta kasance ba. Manyan bankuna ne suka yi ta ba da rancen gidaje ba tare da tantancewa ba, suka dunƙule basussukan suka sayar wa duniya a matsayin kadara mai aminci. Bankin Lehman Brothers ya rushe ranar 15 ga Satumba, 2008, kuma kafin wata guda majalisar dokokin Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto harkar kuɗi. Shirin sassauta wa masu gidaje bashi, wanda aka ce zai taimaki iyalai miliyan 3 zuwa 4, waɗanda suka samu sassauci na dindindin a ƙarƙashinsa ba su kai miliyan 2 ba, miliyoyi kuma suka rasa gidajensu. Babban bankin ƙasar da kansa ya ba da rahoton cewa dukiyar matsakaicin gida ta ragu da kusan kashi 39 cikin 100 tsakanin 2007 da 2010. Da farfaɗowa ta zo, Emmanuel Saez na jami'ar Berkeley ya lissafa cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarin kuɗin shigar da aka samu daga 2009 zuwa 2012 ya tafi ne ga kashi 1 cikin 100 na masu arziki. A Sifaniya, inda rashin aikin yi ya kai kashi 26 cikin 100 a 2013, doka ta ba banki damar ƙwace gida sannan ya ci gaba da bin mutum ragowar bashin. A Girka tattalin arziki ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aikin yi ya wuce kashi 27 cikin 100, fiye da rabin matasa masu neman aiki ba su samu ba, kuma a 2012 aka zaftare mafi ƙarancin albashi da kashi 22 cikin 100 bisa sharuɗɗan masu ba da rance. A 2013 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya yarda cewa ya raina irin ɓarnar da tsuke kashe kuɗin gwamnati zai yi. Amincewar ta zo bayan dubban ɗaruruwan matasan Girka sun kama hanyar barin ƙasarsu.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba ta banza ba ce. In aka bar bankuna suka rushe, ajiyar talaka ma ta tafi, albashi ya tsaya, kamar yadda Amurka ta gani a farkon shekarun 1930 lokacin da dubban bankuna suka rufe, rashin aikin yi ya kai kusan kashi 25 cikin 100 a 1933. Haka kuma gwamnatin da bashi ya yi wa katutu ba za ta kashe abin da ba ta da shi ba. Na yarda da duka biyun. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce gaggawar da aka samu ta ceto banki cikin makonni ba za a iya samun irinta don hana a fitar da iyali daga gidansu ba. In dole ne a rage kashe kuɗi, akwai zaɓi a kan abin da za a fara yankewa da wanda za a ƙara wa haraji, kuma mutane ne ke zama a ɗaki su yi wannan zaɓi. Faɗuwar kasuwa tana iya zuwa ba da nufin kowa ba. Rabon nauyinta kuwa hukunci ne na masu mulki, kuma ya kamata a tambaye su a kansa da sunansu.

Hujjata ita ce ƙasashen da suka zaɓi wata hanya sun ga wani sakamako. Tattalin arzikin Jamus ya faɗi da fiye da kashi 5 cikin 100 a 2009, faɗuwar da ta fi ta Amurka, amma rashin aikin yi kaɗan ya ƙaru. Suna da tsarin da kamfani zai rage wa ma'aikaci awannin aiki maimakon ya sallame shi, gwamnati ta biya shi kashi 60 cikin 100 na abin da ya rasa, ko 67 in yana da 'ya'ya. Ma'aikata kusan miliyan ɗaya da rabi ne suka shiga tsarin a lokacin da abin ya fi tsanani. Mutum ya rasa wani kaso na albashi, amma bai rasa wurin aikinsa da abokan aikinsa da dalilin tashi da safe ba, shi ma kamfani bai rasa gwaninsa ba. A Suwidin rashin aikin yi ya ninka fiye da sau uku a farkon shekarun 1990, duk da haka kisan kai bai ƙaru ba, kuma David Stuckler da abokan bincikensa sun danganta hakan da kuɗin da ƙasar ke kashewa wajen horar da marasa aiki da mayar da su bakin aiki. Kada a ce sai mai arziki. Meziko ta fara ba iyaye mata matalauta kuɗi a 1997 bisa sharaɗin yara su zauna a makaranta, kuma an gano cewa tallafin ya hana a cire yara daga aji lokacin da gida ya gamu da asara. Indiya ta kafa doka a 2005 da ta ba kowane gidan karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara, kuma a 2020, da ma'aikata suka bar birane suka koma ƙauyukansu saboda kullen korona, miliyoyi da ita suka rayu. Habasha ma ta fara nata shirin na aiki da tallafi a 2005, da nufin hana manoma sayar da dabbobinsu a shekarar fari. Duk waɗannan suna da nasu matsalolin, na jinkirin biya da na cuwa-cuwa, amma manufarsu ɗaya ce, kuma ita ce daidai: a riƙe hannun iyali kafin su sayar da abin da ba zai dawo ba.

Irin wannan tsari a shekarar yalwa ake gina shi. Mun san labarin Annabi Yusuf, kuma abin lura a cikinsa shi ne ba a bar kowane gida da dabararsa ba, hukuma ce ta tara hatsin a shekaru bakwai na damina mai kyau ta raba shi a shekarun fari. A yau, a cewar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, cikin marasa aikin yi a duniya waɗanda ke samun wani tallafin rashin aiki ba su kai ɗaya cikin biyar ba. A 2020 kaɗai an yi asarar awannin aiki daidai da cikakkun ayyuka miliyan 255. Yawancin waɗannan mutane ba su da wurin juyawa sai dangi, kuma dangi inshora ne mai kyau in gida ɗaya ne ya shiga matsala. In gari duka ya shiga, wanda za ka je wurinsa shi ma yana hanyar zuwa wurinka. Don haka idan aka ba ma'aikacin da ke hannu baka hannu ƙwarya shawarar ya riƙa ajiye albashin wata shida saboda ɓacin rana, shawarar ba ƙarya ba ce, amma an ba wanda ba zai iya aiki da ita ba. Haƙuri ma haka. Haƙuri halin kirki ne, kuma da shi gidaje da yawa suke tsallakewa, sai dai bai dace ya fito daga bakin wanda ke da ikon sauƙaƙa abin ya ƙi ba.

Ba duka nauyin ke kan gwamnati ba. Mai kamfanin da kasuwa ta yi wa nauyi yana iya zama da ma'aikatansa ya buɗe musu lissafi, a raba ragin daga sama zuwa ƙasa, maimakon su wayi gari su ga sunayensu a allo. In ba makawa sai an sallami mutum, a biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, domin wannan kuɗin ne zai hana shi zuwa wurin mai rancen gaggawa. Mai bin bashi da mai gidan haya suna da umarni bayyananne a aya ta 280 ta Suratul Baƙara, cewa wanda ke cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Ɗan'uwan da ya ga wani nasa ya ɗauke ƙafa, ya bi shi gida kafin ya yanke masa hukunci, kuma in zai taimaka ya yi ta hanyar da ba za ta tona masa asiri ba: ya biya kuɗin makarantar yaro kai tsaye, ko ya kawo masa aiki ya biya shi cikakken ladansa.

Sai masu ɗaukar ma'aikata idan al'amura sun fara gyaruwa. A wani gwaji da aka wallafa a 2013, masu bincike sun aika takardun neman aiki kusan 12,000 zuwa kamfanoni a birane 100 na Amurka, inda suka riƙa bambanta tsawon lokacin da mai nema ya yi ba aiki. Kiran zuwa ganawa ya yi ta raguwa sosai a cikin wata takwas na farko. Wato wanda matsi ya fi daɗewa a kansa shi ake bari a ƙarshen layi, ana ɗaukar zamansa a gida a matsayin shaidar rashin ƙwazo. Duk wanda ke zaune a kujerar ɗaukar aiki, in ya ga giɓin shekara ɗaya ko biyu a takardar mai nema, ya duba waɗanne shekaru ne. In sun dace da lokacin da masana'antu ke rufewa, ya kira shi ganawa ya ji ta bakinsa.